Yadda ake haɗa haidrojel mai gane gulukos, a mayar da shi ma'auni a ɗakin gwaji

Ɗalibai masu aikin kammala digiri sun yi ta turo mini tambaya iri ɗaya a kan jel ɗin nan da yake kumbura idan ya haɗu da sukari: me za a saya, me ake fara zubawa, kuma me ya sa nasu yake kumbura ko da ba a sa masa komai ba. Maimakon in riƙa amsawa ɗaya bayan ɗaya, ga aikin nan daga farko zuwa ƙarshe, yadda za a iya yin sa a ɗakin gwaji mai matsakaicin kaya.

Haidrojel raga ce ta polima, wato dogayen sarƙoƙin sinadari, wadda take shan ruwa ba tare da ta narke ba, irin ƙwayoyin da ke cikin kunzugun jarirai na zamani. Wanda za mu haɗa na akrilamaid ne, an saƙa masa wani sinadari mai ɗauke da boron a jikin ragar. Idan gulukos ya kama boron ɗin, wurin yakan ɗauki cajin lantarki, gishirin da ke cikin ruwa ya kutsa domin daidaita cajin, ruwa ya biyo bayansa, sai jel ya kumbura. Idan aka janye sukarin, ya saki, jel ya koma yadda yake. Na zaɓi wannan hanya a kan ta enzayim saboda enzayim yana buƙatar firiji da ba ya yankewa, kuma aikinsa ya dogara da iskar oksijin da ke cikin ruwa. Boron ba ruwansa da waɗannan. Irin wannan kamun ne ma na'urar Eversense take amfani da shi, wadda ake dasawa a ƙarƙashin fatar dantse, hukumar FDA ta Amurka ta amince da ita a 2018, sai dai ita haske take aunawa, mu kuwa girma za mu auna.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan. Haɗa jel ɗin ba shi ne wahala ba. Zafin ɗaki yana sauya girmansa, gishiri yana sauya shi, ɗan motsin pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, yana sauya shi, har karkata wayar da kake ɗaukar hoto da ita tana nuna kamar ya sauya. Yawancin matakan da ke ƙasa an tsara su ne domin ka iya rantsewa cewa kumburin da ka gani na gulukos ne.

1. Kayan aiki da inda kuɗi yake tafiya

Sinadaran da ake buƙata su ne akrilamaid, da maɗaurin raga da ake kira MBAA ko bis, da APS, da TEMED (waɗannan biyu su ne suke sa haɗin ya daskare), da DMSO (ruwan narkar da sinadari), da gulukos mai tsabta na ɗakin gwaji, sai kuma mai gane sukarin, wanda sunansa a jikin kwalba 3-acrylamidophenylboronic acid, a taƙaice AAPBA. Huɗun farko suna nan a kusan duk ɗakin da ake raba furotin da lantarki, saboda haka ka leƙa sashen bayokemistiri kafin ka kashe ko sisi. AAPBA shi ne mai tsadar, kuma yawanci sai an yi odarsa daga waje, don haka shi za ka fara nema, ka bar isasshen lokaci na jigila da kwastan. Giram ɗaya zai ishe ka haɗi kusan 17 a ma'aunin da zan bayar, ba ka da dalilin sayen babbar kwalba.

Na kayan hannu kuwa, kana buƙatar sikeli mai karanta kashi ɗaya cikin goma na miligiram, fifet mai ɗiban maikrolita, mitar pH da ruwan saita ta, gilasan silaid, takardar Teflon mai kaurin milimita 0.4 ko abin da ya yi kusa da haka, matsen takarda na ofis, ƙarfen huda fata mai faɗin milimita 6, ƙananan kwalabe masu murfi, da ruwa tatacce. Idan akwai tukunyar iskar naitirojin, madalla.

Gargaɗi: akrilamaid kafin ya daskare guba ne ga jijiyoyi, yana shiga ta fata, kuma hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa shi a jerin abubuwan da ake kyautata zaton suna jawo kansa. DMSO kuma yana ratsa fata tare da duk abin da ya narke a cikinsa. Haɗuwar waɗannan biyu a kwalba ɗaya ita ce ta sa safar hannu ta naitirail da tabarau suka zama dole, kuma a kashe fanka lokacin auna garin.

2. Shirya mazubi kafin komai

Da yawa suna fara haɗa ruwa sannan su shiga neman gilashi, kafin su gama jel ya daskare a cikin kwalba. Ka wanke silaid biyu da sabulu, ka ɗauraye da ruwa tatacce, ka goge da etanol, su bushe. Ka yanka Teflon ɗin a siffar harafin U, ka sa shi tsakanin gilasan, ka matse gefe uku da matsen takarda, saman ya zauna a buɗe. Ka zuba ruwa a ciki ka jira minti biyar ka ga ko yana yoyo, sannan ka zubar ka busar. Mazubi ɗaya yana ɗaukar ƙasa da rabin mililita, saboda haka haɗi ɗaya zai cika biyu.

Kaurin nan ba abin wasa ba ne. Lokacin da jel yake ɗauka kafin ya gama kumbura yana tafiya ne da kaurinsa sau kansa: idan ka ninka kauri, jira ya ninku sau huɗu. Wanda ya ari gilasan raba furotin masu milimita 1 zai jira fiye da ninki shida na wanda ya yi amfani da 0.4. Idan kuma ka yi siriri ƙwarai, zai yage a hannunka ko ya naɗe kamar tabarma.

3. Haɗa ruwan monoma, kwalba biyu

Ga ma'aunin mililita ɗaya, wanda a cikinsa AAPBA yake kashi 15 cikin ɗari na monoma, wato sinadaran da ake saƙa ragar da su, maɗauri kuma kashi 2. Ka narkar da miligiram 57 na AAPBA a cikin maikrolita 400 na DMSO, ka girgiza har ya washe. A wata kwalba ka tanadi ruwan MBAA mai ƙarfin miligiram 20 a kowace mililita, ka ɗebi maikrolita 310 daga ciki, ka narkar da miligiram 118 na akrilamaid a cikinsa. Sai ka riƙa ɗiga wannan na biyun a kan na DMSO a hankali kana juyawa, ka cike da ruwa tatacce zuwa mililita ɗaya. Kwalbar za ta ɗan yi ɗumi, wannan halin DMSO ne idan ya haɗu da ruwa. Idan haɗin ya yi fari kamar an ɗiga madara, AAPBA ne yake fita daga ruwa, sai ka ƙara DMSO kaɗan kaɗan har ya washe, ka rubuta adadin da ka ƙara.

Haɗi na biyu shi ne na jel ɗin shaida, wanda za a riƙa kwatanta sakamako da shi. Komai iri ɗaya ne, har DMSO ɗin, sai dai babu AAPBA, akrilamaid kuma ya zama miligiram 139 domin ya cike gurbinsa. Kada ka ce sai wani lokaci za ka haɗa shi. A rana ɗaya, da sinadarai ɗaya, a mazubi iri ɗaya ake yin su.

Wani ɗan abu da yake tsorata sababbi: DMSO yana daskarewa a wajen digiri 18 da rabi, don haka da sanyin hunturu ko a ɗaki mai na'urar sanyaya iska za ka iya tarar da shi kamar ƙanƙara. Bai lalace ba. Ka tsoma gindin kwalbar a ruwa mai ɗumi, murfinta a rufe.

4. Korar oksijin da zubawa

Oksijin yana hana ragar saƙuwa. Ka hura naitirojin a cikin haɗin ta siririyar allura na minti biyar zuwa goma, a hankali yadda ba zai fantsama ba. Idan babu naitirojin, ka sa kwalbar a ƙarƙashin famfon zuƙe iska na ɗan lokaci.

Ka haɗa ruwan APS mai ƙarfin kashi 10 cikin ɗari a ranar da za ka yi aiki, ba wanda ya kwana ba. APS yana shan laima ya mutu a cikin kwalbarsa, musamman da damina. Mai kyau yakan yi ɗan ƙaran tsatsatsa idan ruwa ya taɓa shi, ka kara kunnenka ka ji. Wanda ya dunƙule kuma ya narke shiru, ka yi shakkarsa. TEMED kuwa ka tsarma shi sau goma da ruwa, saboda ɗiban maikrolita ɗaya daidai yana da wuya.

Ka zuba maikrolita 10 na ruwan APS, ka juya, sannan maikrolita 10 na tsarmammen TEMED, ka juya sau biyu ko uku ba tare da tayar da kumfa ba, nan take ka ɗura a mazubi ta gefe ɗaya, gilashin a ɗan karkace domin iska ta fita ta ɗaya gefen. TEMED ne na ƙarshe a kullum.

Gargaɗi: a ɗakin da zafi ya kai digiri 35 ko fiye, haɗin yana iya kamawa kafin ka gama cika mazubi na biyu. Ka ajiye kwalbar a kan ƙanƙara kafin ka sa APS, ko ka yi wannan mataki da sassafe. Ragowar da ke cikin kwalba ita ce agogonka, idan ta daskare to na cikin gilashi ma ya kama. Duk da haka ka bar shi ya kwana. Bakin saman da ya taɓa iska zai zauna da laushi, wannan yankewa ake yi a yar a kwandon shara mai guba.

5. Wanki

Ka buɗe gilasan a cikin kwano mai ruwa tatacce, ka bar ruwan ya ɗaga jel ɗin da kansa, kada ka ja shi da hantsaki. Daga nan wanki ne na kwana biyu zuwa uku, ana sauya ruwa aƙalla sau biyu a rana. Ruwan wankin farko yana ɗauke da ragowar akrilamaid, ba a zuba shi a kwata. Wanda ya gajarce wannan mataki zai ga jel ɗinsa yana sauya girma a hankali kwana da kwanaki, saboda DMSO bai gama fita ba, ya ɗauka sukari ne yake aiki.

Idan kana da rinin Alizarin Red S, ka sadaukar da ɗan guntu daga kowane jel ka jefa a ruwansa a pH 7.4. Guntun da ke da boron zai juya zuwa ruwan lemo ko rawaya, na shaida zai zauna da jan rinin. Wannan gwaji na minti kaɗan yana tabbatar maka cewa AAPBA ya shiga raga, bai bi ruwan wanki ba.

6. Bafa da ruwan gulukos

A nan ne na fi ganin aiki yana rushewa, kuma ni ma a nan na taɓa faɗuwa. Boron ɗin AAPBA yana fara ɗaukar caji sosai ne tsakanin pH 8 da 9, shi ya sa gwajin farko ya fi kyau a yi shi a pH 8.5, inda amsar take da girma. Bafa ita ce ruwan da yake riƙe pH a wuri ɗaya. To wadda hannu yake fara kaiwa gare ta a wannan pH ita ce Tris, domin tana kan kowace kanta. Na yi mako biyu ina zuba gulukos jel yana kallona, har na fara zargin kamfanin da ya sayar mini da AAPBA. Ashe Tris tana da irin hannayen da sukari yake kama boron da su, ta riga ta mamaye wuraren. Haka TAPS da Tricine da Bicine, haka giliserol. Bafar boret kuma ita gulukos ɗin take kamawa tun kafin ya isa jel. Ka yi amfani da gilaisil-gilaisin a pH 8.5, ko HEPES a pH 8, mai ƙarfin milimola 10 zuwa 20, ba tare da ƙarin gishiri ba. Ka kuma nisanta jel ɗin da haidrojin feroksaid, domin yana yanke boron daga jikin raga har abada.

Bayan ka ga amsa a wannan yanayi mai sauƙi, sai ka koma bafar PBS a pH 7.4, wadda gishirinta ya yi daidai da na jini. A can amsar za ta ragu ƙwarai, saboda pH ya sauka kuma gishiri yana rufe cajin. Wannan ba kuskurenka ba ne, shi ne ainihin matsalar da masu binciken wannan fanni suke fama da ita.

Domin ruwan gulukos mai milimola 100, ka narkar da giram 1.80 a cikin bafa, ka cike zuwa mililita 100. Ka duba jikin kwalba tukuna: idan mai ɗauke da ruwa ne, wanda nauyinsa 198.17 maimakon 180.16, giram 1.98 za ka auna, in ba haka ba duk lissafinka zai kauce da kusan kashi 10 cikin ɗari. Ka bar ruwan ya kwana kafin amfani, domin gulukos da aka narkar yanzu yana ɗaukar sa'o'i kafin siffofinsa su daidaita. Ka ajiye shi a firiji, ƙwayoyin cuta ma suna son sukari. Daga shi sai ka tsarma masu milimola 2.5, 5, 10, 20 da 40, duk da bafa ɗaya, ka duba pH na kowanne. Waɗannan sun rufe abin da likita yake damuwa da shi, tunda milimola 7.0 a lita ga wanda bai karya ba ita ce iyakar ciwon sukari, wato miligiram 126 a desilita. Ninkawa da 18 ne yake mayar da milimola a lita zuwa miligiram a desilita.

Gargaɗi: sukarin shayi ba zai yi ba, sukuros ne, kusan ba ya kama boron. Garin gulukos na kemis kuma yana da gauraye.

7. Yanka da ɗaukar hoto

Ka jiƙa jel ɗin a bafa marar sukari na yini guda, ka sauya bafar sau biyu, sannan ka huda faifai da ƙarfen milimita 6. Idan ka huda tun yana cikin ruwa tatacce, girmansa zai sauya da zarar ya shiga bafa. Kowane mazubi zai ba ka faifai fiye da goma, ka zaɓi na tsakiya, ka bar na gefe.

Kowane faifai kwalbarsa daban, da ruwa mililita 10 zuwa 20. Dalilin yawan ruwan shi ne faifai ɗaya yana iya ɗaukar boron da ya kai maikromol 3, alhali mililita 2 na ruwa mai milimola 2.5 maikromol 5 kawai yake da shi na gulukos. A ƙaramin ruwa jel ɗin da kansa zai rage sukarin da yake aunawa.

Wayar hannu ta isa ɗaukar hoto, da sharaɗin a kafe ta. Ka huda kwali ko katako ka ɗora ta a kai tana kallon ƙasa, nisan ba ya sauyawa, ba a taɓa zuƙowa. Jel ɗin garau yake kamar ruwa, saboda haka ka sa baƙar takarda a ƙarƙashin faranti, ka haska tocila daga gefe, bakinsa zai fito da farin zobe. Rula ta kasance a cikin kowane hoto, a tsayi ɗaya da faifan. Manhajar ImageJ kyauta ce, da ita za ka saita ma'auni da rular, ka zana da'ira a bakin faifan, ka karanta faɗinsa. Ƙarin kashi 3 cikin ɗari a faɗi yana nufin kusan kashi 9 a girman jiki gaba ɗaya. Auna nauyi ma yana yiwuwa, amma ni ban cika son sa ba, domin yadda ka tsane faifan da takarda yau ba haka za ka tsane shi gobe ba.

8. Layin awo da gwajin gaskiya

Ka ɗauki faɗin kowane faifai a bafa marar sukari, shi ne mafarinsa. Ka mayar da faifai uku zuwa kowane ƙarfin gulukos, ka riƙa ɗaukar hoto duk minti goma har karatu uku a jere su zo ɗaya. Wannan lokacin shi ne lokacin amsar ma'auninka, da shi za ka riƙa aiki daga nan.

Shaidu biyu ne suke tafiya tare da kowane gwaji, kuma aikinsu daban. Jel marar boron a cikin gulukos yana nuna ko sukarin yana taɓa ragar ta wata hanya, yana kuma tona kuskuren hoto. Jel mai boron a bafa marar sukari yana nuna abin da zafi da motsin pH suka yi a tsawon yinin. Idan na biyun ya motsa, sai a cire motsinsa daga sakamakon. Ka ajiye ma'aunin zafi kusa da kwalaben, ka rubuta karatunsa tare da kowane hoto.

Ka zana ƙarin faɗi a kan ƙarfin gulukos. Layin yakan miƙe a ƙasa sannan ya kwanta a sama yayin da wuraren boron suke cika, kada ka tilasta masa miƙewa. Mafi ƙarancin abin da ma'aunin zai iya gani shi ne warwatsuwar karatun bafa marar sukari, a ninka ta sau uku, a raba da gangaren layin a ɓangarensa na ƙasa. Idan ka ga jel yana tsukewa maimakon kumbura, ba lallai ka yi kuskure ba, ƙwayar gulukos ɗaya tana iya kama boron biyu ta ɗaure raga, kuma hakan ya fi faruwa idan boron ya yi yawa.

Sai ka mayar da faifan bafa marar sukari ka ga ko ya koma mafarinsa, ka maimaita shiga da fita aƙalla sau uku. Bayan haka ka gwada furuktos, sukarin 'ya'yan itace, da laktet, wani sinadari da ke cikin jini, domin su ma suna kama boron. A pH 7.4 boron irin wannan yana kama furuktos fiye da gulukos sau talatin da ɗoriya, shi ya sa wanda ya gwada da zuma ko ruwan 'ya'yan itace zai ga kumburi mai ban sha'awa wanda ba na gulukos ba ne. A jini furuktos kaɗan ne ƙwarai, amma laktet yana nan a matakin milimola, dole a rubuta tasirinsa.

9. Ɗora jel a kan abin karantawa

Hanya ɗaya ita ce a kulle jel ɗin tsakanin raga mai tauri da fatar na'urar auna matsi, kumburin ya zama matsin da ake karantawa da lantarki. Mai arha kuwa ita ce ta haske. Idan aka zuba jel a kan ɓangaren faifan CD da aka ɓare, yana kwafar layukansa masu tazarar maikromita 1.6. Jan leza mai nanomita 650 da ya ratsa irin wannan tazara yana jefa ɗigo na gefe a kusan digiri 24, wato santimita 13.3 daga ɗigon tsakiya a kan allon da ke nisan santimita 30. Ƙarin kashi 3 cikin ɗari a tazarar yana jawo ɗigon ciki da kusan milimita 4 da rabi, abin da rula take gani. Sai dai ɗigon yana da rauni idan jel yana cikin ruwa, sai a ɗaki mai duhu, DMSO kuma yana cin robar faifan idan ya daɗe a kai. Jel ɗin ma dole ya kasance a sake, domin wanda aka manne da gilashi sama kawai yake kumbura, tazarar layukansa ba ta sauyawa.

Gargaɗi: jini ko fitsarin mutum ba ya shiga wannan aiki sai da izinin kwamitin ɗa'ar bincike, kuma ba a gaya wa kowa matsayin sukarinsa da wannan ma'auni.

Faifan da suka rage a ajiye su a cikin bafa marar sukari, kwalba a rufe, a firiji amma ba a ɓangaren ƙanƙara ba, domin ƙanƙara tana farfasa ragar. A sauya bafar duk mako, kuma duk ranar da za a sake amfani da faifai a bar shi ya dawo zafin ɗaki, a sake auna mafarinsa kafin ya ga sukari.